Maɗacin Gwadabe da 'Yan Kwalliyarsa

Gwadabe taubashina ne. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna cin ƙasa nake zaginsa yana ramawa, kuma har furfura ta cika mana kai ba mu gama shari'ar wane ne bawan wani ba. Ni ce Suwaiba mai daddawa, ta nan Indabo a ƙasar Wudil. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya ji ina kiran dattijo da sunansa gatsal ya ce ba ni da tarbiyya. Duk garin nan Baba Mai Hula ake ce masa. Ni kaɗai na rage mai ce masa Gwadabe.

Sana'arsa ɗinkin hula da hannu, irin wanda ake ƙura ido ana soka allura har wuya ya ƙage. Bai yi suna ba, bai yi arziki ba, bai kuma taɓa zuwa roƙon hatsi gidan kowa ba. Ranar Juma'a ya kai abin da ya gama kasuwar Wudil, sauran kwanaki kuwa yana kan buzunsa a gindin wani tsohon maɗaci da ke bayan gidansa, inda ƙasa ta gangara zuwa 'yar fadamar da ruwa kan kwanta a ciki da damina. Magana tsada take yi masa. In ka gaishe shi zai amsa maka har ƙarshe, gida da iyali da gajiya da ya aka ji da ruwa, daga nan ya mayar da kai kan allurarsa ya bar ka tsaye. Matarsa Bilkisu ce bakin gidan. Ita ke hira da baƙi, ita ke zaɓar masa zare, ita ke kai masa fura gindin itacen ta zauna tana ba shi labarin gari ko yana ji ko ba ya ji.

A wajen wannan zaman ne ta gano 'yan kwalliya. A jikin ɓawon maɗacin, ta ɓangaren arewa mai kallon fadama inda laima ta fi daɗewa, akwai wani abu fari-fari mai ruwan toka da ya manne, tabo-tabo kamar makero a kan yaro. Wasu kan ce gansakuka ce. Da rani ya bushe ya yi ƙamas, ruwa na sauka sai ya yi taushi ya ɗan yi kore. To idan damina ta zauna sosai, da safe kafin rana ta yi zafi, akwai wasu 'yan ƙwari da ake tararwa zaune a kansa. Dangin malam-buɗe-littafi ne, sai dai su ba sa yawo da rana, kuma in sun zauna kifa fikafikansu suke yi a bayansu su rufe jiki ruf. Tsawon ɗaya bai kai gaɓar ɗan yatsa ba. Launinsu ruwan goro ne, da ɗige-ɗigen baƙi a jere kusa da kafaɗa, da wani siririn layi baƙi mai lanƙwasa da ya ratsa tsakiyar fiffike. In ka taɓa ɗaya ya tashi, sai ka ga fikafikan ƙasan ruwan ƙwai ne fes babu ɗigo ko ɗaya. Ba su da suna a garinmu. Bilkisu ce ta ce ai waɗannan sun fi amaren bana iya kwalliya, sunan kuma ya zauna a tsakanin su biyun.

Shekara da shekaru suna kallonsu, har suka san cewa wasu 'yan ƙananan gizaka masu gashi da ke rarrafe a wurin su ne 'ya'yansu, kuma ba sa cin ganye, ba sa taɓa gero ko wake, wannan makeron na itace kaɗai suke kiwo. Shi ya sa babu manomin da ya san da su, don mu nan sai ƙwaro ya yi mana ɓarna muke raɗa masa suna. Gwadabe ya ɗinka hula guda da zanensu, ruwan goro da ɗigon baƙi. Babu wanda ya taya ta a kasuwa, na kuma gaya masa gaskiya cewa ta yi kama da fatar damisar da ta sha zazzaɓi. Sai ya riƙa sa kayarsa.

Da hular ya riƙa tambayar matafiya. Akwai Ɗantani, maƙwabcinsu mai rakiyar shanu a manyan motoci daga kara, kasuwar shanun Wudil, zuwa kurmi. Shi ya ce masa ya sha ganin masu kama da su can kudu, daga wajen Lakwaja zuwa gaba, a jikin itatuwa da tsofaffin katangu, har ba a kula su saboda yawa. Ya ce in an juyo arewa suna raguwa yadda ruwa ke raguwa. Gwadabe ya duba da kansa a lambunan bakin kogi da wajen Lajawa da Ɗankaza lokacin da ƙafarsa ke da ƙarfi. Ya ce sai tsohon itace mai kaurin ɓawo, wanda ke kusa da laima, wanda gatari bai dame shi ba. A sabon mangwaro ko darbejiyar bakin titi bai taɓa ganin ko ɗaya ba.

Bilkisu ta rasu ana tsakiyar girbi. Jinya kaɗan ta yi. Aka yi zaman makoki aka watse, 'ya'yansu mata suka koma gidajen mazajensu, babban ɗansu Abdulbaƙi ya koma Kano inda yake aikin gwamnati. Gida ya rage daga Gwadabe sai kaji. Ni ma a lokacin na daɗe da rasa nawa mijin, na san irin shirun da ke sauka a gida bayan an naɗe tabarmin gaisuwa, don haka nakan aika masa tuwo, in na samu sarari in kai da kaina in zage shi ya ɗan ji dama. Wata rana na iske shi ya baza zaruruwa a kan buzu ya zuba musu ido. Ya ce, "Suwaiba, wanne ke tafiya da wanne? Ita ce ta sani." Na zaɓar masa. Ya karɓa ya yi godiya, amma na lura bai ɗinka da su ba.

Da damina ta dawo 'yan kwalliya suka fito, shi kaɗai ya gan su. Tun daga nan ya zama babu abin da yake jira a shekara sai su.

Ana nan itatuwan garinmu suka yi ta ƙarewa. Masu gawayi suka ci nasu, masu katako suka ci nasu, gonaki suka shiga inda da kurmi ne. Aka wayi gari babu sauran maɗaci a wannan yanki sai na Gwadabe. Kowa kuwa ya san sassaƙen maɗaci abin nema ne a wurinmu, mai ciwon ciki da mai zazzaɓi da mai shawara duk shi akan jiƙa musu. Kuma a al'adarmu ba a hana magani. Kana iya hana mutum aron jaki, kana iya hana shi gishiri a ce kai marowaci ne a wuce wurin, amma wanda ya zo ya ce ɗansa na kwance yana neman sassaƙe, in ka hana shi yaron ya mutu, maganar za ta bi ka har jikokinka. Gwadabe bai taɓa hana kowa ba. Roƙo ɗaya yake yi, a ɗiba ta gabas da ta yamma kamar yadda masu magani suka saba cewa, a bar masa arewa.

Gabas ta ƙare, yamma ta ƙare, aka shiga kudu. Wasu da saninsa, wasu kuma sai sun ga ya tafi masallaci ko kasuwa. Itacen ya koma jajir iya inda hannu ke kaiwa, sai wani ɓawo guda da ya rage ta arewa, faɗinsa kamar tafin hannu biyu, daga saiwa har sama. Duk manomi ya san in aka zagaye itace da sassaƙa aka raba ɓawon ƙasa da na sama, ya mutu ke nan ko da ganyensa na kore. Wannan ɗan ɓawon shi ke riƙe da ran maɗacin, a kansa kuma makeron yake.

Sai Gwadabe ya daina zuwa ko'ina. Kasuwar Juma'a ya bar wa Ɗantani ya kai masa huluna. Suna da ɗaurin aure ya daina zuwa, sai dai ya aika a ba da haƙuri. Salla ma, in ba ta Juma'a ba, a gindin itacen yake yi. Mutane suka fara cewa tsufa ya taɓa shi, masu ƙarin gishiri suka ce aljana ce a maɗacin ta aure shi. Abokan hirar da ya rage da su suka gaji da zuwa su tarar da mutum yana kallon ɓawo. Na je na same shi na ce, "Gwadabe, sabo turken wawa. Ka zama maigadin ƙwaro, ko albashi ba sa biyanka." Ya ce, "Ke da ke gadin kalwa tana ruɓewa, wa ya ce miki wani abu?" Na yi dariya, amma da na juyo gida tausayinsa ya kama ni, don na san ranar nan in ba ni ba babu wanda ya yi magana da shi.

Abdulbaƙi yaron kirki ne, ba zan ɗora masa laifi ba. Duk zuwan da zai yi sai ya roƙi uban ya koma wurinsa Kano, ga ɗaki an gyara, ga jikoki, ga asibiti kusa. Uban ya ce wa zai bar wa itacen. Wata Sallar layya ina wurin yaron ya matsa, har ya juyo gare ni ya ce, "Gwaggo, don Allah ki sa baki. Mutane suna cewa na yar da mahaifina a ƙauye." Gwadabe ba ya faɗin sunansa saboda ɗan fari ne, sai ya dubi gefe ya ce mini, "Gaya wa mutumin Kano ya kwantar da hankalinsa. Ranar da maɗacin nan ya mutu, ya zo ya ɗauke ni, ba zan yi musu ba." Abdulbaƙi ya ce, "Gwaggo, kin dai ji." Na ce na ji. A raina na ce magana zarar bunu, don na san taubashina, in ya faɗi abu ko cikin wasa ne ba ya janyewa.

Bara waccan, farkon damina, ciwo ya kayar da ni. Idona ya yi ɗorawa, abinci ya ƙi zama, ko tsayuwa ba na iya yi. Jikata ta kai ni asibiti a Wudil aka yi mini ƙarin ruwa da allurai, aka sallamo ni da magunguna, na dawo gida na kwanta kamar tsumma. 'Yan dubiya suka yi ta shigowa, kowa da nasa likitancin. Wata tsohuwa ta ce wannan shawara ce, ba abin da ke korarta sai ɗanyen sassaƙen maɗaci, na kasuwa ya bushe ya sha iska ba ya aikin komai. Na ce mata ta rufe bakinta kada in ji maganar a waje. Amma wace magana ce ke kwana a ɗaki a Indabo?

Washegari da hantsi na ji sallamarsa a tsakar gida. Na yi mamaki, don rabon da ya tako ƙofata har na manta. Ya tsaya bakin ɗaki.

"Sannu, Suwaiba. Ya jikin?"

"Da sauƙi."

"Ya ƙarfin jikin? An samu barci?"

"Alhamdu lillahi. Wa ka bar wa gadin?"

Ya durƙusa ya ajiye wani ƙunshi a bakin tabarmata ya kwance. Sassaƙe ne ɗanye, jajir ta ciki, yana ta zubar da ruwa. Ta bayansa kuwa ga makeron nan mai ruwan toka, har da 'yar gizaka guda ta dunƙule a cikin tsaga. Ban san lokacin da na tashi zaune ba.

Na ce, "Gwadabe, na aike ka? Wa ya ce maka ina so?"

Ya ce, "Ba a hana magani."

"Ai ban roƙa ba balle ka hana. Ga maganin asibiti nan cike da leda."

"Ki haɗa da wannan." Ya sa ɗan yatsa ya ɗauke gizakar a hankali ya ɗora a tafin hannunsa. "In kika tafi, wa ya rage da zai kira ni da sunana?"

Na so in zage shi, zagin ya ƙi fitowa. Kuka na yi, na tsufa, marar hawaye sosai. Shi kuwa ya tashi ya ce wa jikata ta jiƙa kaɗan kada ta cika, ya fita da ƙwaronsa a hannu yana waige-waigen inda zai ajiye shi.

Na sha. Ɗacinsa har yau in na tuna sai yawu ya taru mini a baki. Na kuma warke, ko allurar ce ko sassaƙen ne ko kwana ne ke gaba, Allah kaɗai ya sani, ni dai ba zan rantse a kan ko ɗaya ba.

Maɗacin bai mutu nan da nan ba. Ya gama daminar da ganyensa, har wasu suka ce ai ya tsira. Ɗan makeron da ya rage can sama inda gatari bai kai ba ya bushe ya riƙa ɓarɓashewa, 'yan kwalliyar da suka fito a shekarar ba su taka kara sun karya ba. Da rani ganye ya zube. Da ruwa ya sake sauka kowane itace ya yi toho, shi ya tsaya a bushe. Duk da haka kullum da safe Gwadabe na fita da buzunsa ya zauna a inda inuwa take a da, ya zagaya arewa ya duba, ya dawo ya zauna cikin rana.

Ba wanda ya aika wa Abdulbaƙi. Uban ne da kansa ya sa Ɗantani ya kira shi a waya ya ce masa alkawari ya cika. Ranar tafiyar na je. Kayansa ba su cika bayan mota ba, buzu da buta da gwangwanin allurai da 'yan riguna. Kajin ya ce a kawo mini. Yana sanye da hular nan mai ruwan goro, duk ta koɗe. Na ce masa, "Da wannan za ka shiga birni? Za su ɗauka mai wasa da kura ne ya zo." Ya ce, "Su ɗauka." Ya shiga mota, sannan ya leƙo ya ce in damina ta zauna in riƙa duba masa, ko sun koma wani itacen. Kafin wata ya zagayo masu gawayi sun sare busasshen itacen, da izinin Abdulbaƙi, don kada ya faɗo wa gidan maƙwabta.

Gidan ɗansa na Kano, in ji waɗanda suka je, siminti ne daga ƙofa har bayan gida. Ana kula da shi, ana ba shi shayi da burodi, jikoki na ce masa Kaka da hausarsu mai haɗe da turanci. Ya daina ɗinki, wai idon ya yi rauni. Ni kuma nan na wayi gari babu wanda zan zaga. Duk wanda na gani ko ɗa ne ko jika, sai durƙuso da "Ina kwana, Iya." Ya kashe itacensa don kada ya rasa mai kiran sunansa, ga shi ina nan da rai da sunan a bakina, mai shi yana can inda ba ya ji. Wannan abu yana ci mini rai, kuma ina kewarsa, ban ga dalilin ɓoyewa ba.

Na duba masa kamar yadda ya ce. Da sandata na bi gonaki da bakin fadama, na leƙa jikin kowace kuka da kanya, har yara suka fara cewa abin Baba Mai Hula ya kama Iya. Ban ga komai ba. Wuri ɗaya ya rage a garin nan da tsofaffin itatuwa suke tsaye ba wanda ya taɓa sa musu gatari, wato maƙabarta. Akwai wata tsamiya a tsakiya, ba nisa da inda aka ce Bilkisu take. Daga bakin shinge na hango tabo-tabon nan masu ruwan toka a jikinta. Amma mu mata ba ma shiga maƙabarta da ƙafarmu, idona kuma ba zai iya rabe ƙwaro daga wannan nisa ba. Na daɗe tsaye riƙe da shingen, sannan na juyo.

Ranar Juma'ar da ta wuce Abdulbaƙi ya kira wayar jikata ya ce ga Baba. Muka gaisa, gida da jiki da ruwa da mutanen gari ɗaya bayan ɗaya, har da kajin. Muryarsa ta yi ƙasa. Sai da gaisuwa ta ƙare ya ce, "Sun zo?"

Na ce, "Ban gan su ba, Gwadabe. Amma akwai makeron a tsamiyar maƙabarta, da yawa ma. Ka san ba ni da halin shiga."

Ya ce, "Ta wane ɓangare?"

"Ta arewa."

"To, ba komai. Ki bar shi. In an kawo ni na duba da kaina."

Na buɗe baki in ce masa wani abu mai zafi irin wanda muka saba, ban samu ko ɗaya ba. Na ce, "Gwadabe." Ya ce, "Na'am." Na sake cewa, "Gwadabe." Ya sake amsawa. Daga nan jikata ta karɓi wayarta.